Dalhatu da Kwanon Ciyayya

Dalhatu mutumin Kutama ne. Noma ya sani, in rani ya yi kuma ya taɓa acaɓa a Gwarzo. Tsautsayi ya sa ya sayi babur a hannun wani ɗan iska, ashe na sata ne. Shi ke nan fa, aka yi awon gaba da shi, ya share shekaru a gidan yari.

Da ya fito bai tarar da Innarsa ba, ta rasu. Ɗakinsa kuwa yayansa Ƙasim ya danƙare shi da buhunan masara. "Ka dai ga yadda gidan yake," in ji Ƙasim, idonsa a kan buhunan. Kai, wai ɗan'uwa ke nan! Dalhatu ya nufi Kabo wajen ƙanwarsu Murja, mijinta ya ce ba dai a gidansa ba. Murja ba ta haƙura ba, ta bi ta hannun matar wani dattijo, Malam Badamasi, ta samo masa shagon ƙofar gidansu, wanda aka ce mai shi, ɗansu Abdulnasir, ya tafi Kudu neman kuɗi.

"Yaya, na ce musu kai ma daga Kudu kake," Murja ta ja masa kunne. "Don Allah ka riƙe bakinka. In wannan ɗakin ya kuɓuce, wallahi ban san inda zan kai ka ba."

Baki kam ya riƙe. Abin da ke tayar masa da hankali daban ne. A unguwar, bayan magariba kowane magidanci fito da kwanon tuwonsa yake, a haɗu a tabarmar Malam Badamasi a yi ciyayya. Dalhatu kuwa ya san halin da ya ɗauko. A can gidan yari, wanda bai kare kwanonsa ba da yunwa yake kwana, hannunsa kuma ya riga ya saba. Sai ya shiga zille-zille: yau ciwon ciki, gobe ya ƙoshi.

"Malam, baƙon nan naka ko tuwonmu ne bai kai na Legas ba?" in ji Ya'u mai shayi. Aka yi dariya. Dalhatu na jin su daga cikin shago, ya kuma san mai gudun kwanon jama'a ba a daɗewa ake fara binciken asalinsa.

Rannan Malam Badamasi da kansa ya leƙo. "Dalhatu, bismillah." Ina halin ƙi?

Ya zauna yana ce wa kansa a hankali, a hankali. Lomar farko lafiya lau. Can Ya'u ya miƙo hannu ta gabansa zai gutsuro tuwo. Kafin Dalhatu ya ankara ya rungume kwanon, ya kifa ƙirji a kai, yana cusa tuwo ba tauna. Wani ya ƙyalƙyace da dariya don a rufe zancen. Malam Badamasi bai yi dariya ba, kallonsa kawai yake.

Da aka sallame asuba Dalhatu ya tura 'yan kayansa a buhu, ya ɗaure, ya zauna jiran kora. Tsoro kamar ya kashe shi. Ina kuma zai nufa? Sai ga sallamar Malam. Dattijon ya shigo, ya dubi buhun, ya dubi hular Abdulnasir da ke rataye a ƙusa.

"Kudun da ka je," ya ce a hankali, "can Abdulnasir yake. Watan jiya na kai masa dambu, haka ya rungume kwanon a gabana, ni ubansa. Kwance kayanka, ba inda za ka." "Amma ka gaya mini tsakaninka da Allah, ana ƙoshi a can?"

Dalhatu ya buɗe baki zai ce ana ƙoshi, maganar ta ƙi fitowa. Ya sunkuyar da kai.

"To, na ji," in ji Malam Badamasi. Ya goge ido da bakin rigarsa. "Da magariba kwanon gidana naka ne kai kaɗai. Ka cinye shi tas a gabana, ko mutum ɗaya in ga ya ƙoshi."