Malam Sidi, Mai Aron Ido

Ina cikin keke a kan hanyar Runjin Sambo, ranar Talata da safe, wayata ta yi ƙara. Malama Hadiza ce, mai koyar da lissafi, wadda ba ta kira sai dai ta rubuto saƙo. Ta ce, "Allah ya yi wa Malam Sidi rasuwa bayan asuba." Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, mai keke ya amsa tare da ni, bai ma san wanda ya rasu ba.

Shekaru muka yi muna koyarwa tare a wata makarantar kuɗi, shi labarin ƙasa, ni Turanci. Shafin intanet na makarantar ya faɗo hannunsa ne yadda akan raba aiki a wurinmu: shi kaɗai ke da kwamfuta tasa ta kansa, kuma ba ya nan ranar da aka yi taron. Bai taɓa koyon tsara shafi ba. Abin da ya gada kuwa sai wanda ya gani. Rubutu ja a kan kore, sunan makaranta yana gudu daga dama zuwa hagu kamar an biyo shi. Hoton Alhaji mai makaranta a sama, hoton Alhaji a tsakiya yana karɓar lambar yabo, hoton Alhaji a ƙasa yana miƙa wa wani ita. Lambar wayar ofis kuma tana can wani lungu, sai mai rabo.

Aikin Malam Sidi kusan duk ragewa ne. Ya tsayar da sunan makaranta wuri ɗaya. Ya bar launi biyu, fari da shuɗi mai duhu irin na kayan ɗalibai. Ya ƙara wa haruffa girma, ya bar fili tsakanin layi da layi, ya ɗauko lambar waya da ranar komawa hutu ya sa a sama. Yakan ce, "Shafi kamar taswira na, Malama. In kin cika shi da garuruwa, ba mai gane hanya."

A ɗakin malamai yakan juyo mini da kwamfutar, ya ce, "Malama, ara mani ido. Wanga shuɗi na ko baƙi?" Na ɗauka ya gane ni ce mai ido a makarantar, na riƙa yi masa dogon bayani, yana saurare da haƙuri. Sai ranar da na ga yana laluben alli a kan tebur, allin kuwa yana gabansa. Ciwon suga ne ke cin idanunsa. Manyan haruffan da baƙi ke yabawa da cewa zamani ne, su kaɗai yake iya karantawa.

Ya roƙe ni in yi shiru. 'Ya'yansa mata na karatu, kuma a makarantar kuɗi malamin da ba ya ganin allo godiya ake yi masa a raka shi ƙofa.

Da wannan tsoron a ransa ya cire hotunan Alhaji. Na ce masa wannan neman magana ne, ya ce iyaye ba kallon hoto ke kawo su ba. Kwana biyu sai ga kira daga ofis, ya ce in raka shi.

Alhaji ya ce, "Malam Sidi, ina hotunana sunka tahi?"

"Ranka shi daɗe, na bar guda, wanda ka hi kyau cikinai."

"Sauran hwa?"

"Suna cinye ma iyaye data tun ba su kai ga lambar waya ba."

Alhaji ya ɗauki wayarsa ya buɗe shafin, ya laluba aljihu bai samu tabarau ba, ya ci gaba da karantawa a haka. Can ya ce, "Kai, ga shi ni ma ina gani ba tabarau." Ya ajiye wayar. "Don idonka ka yi haka, ko? Tun bara na sani. Ɗalibai ba su riƙe magana."

Na ga hannun Malam Sidi ya kama gefen kujera.

Alhaji ya ce, "Rubutun allo a ba wani, kai ka yi bayani da baki, dama shi ka iya. Shafi kuma naka na. Amma ka maido mani hoto guda, wancan na lambar yabo."

Ya mayar da hoton, ƙarami, can ƙasa. Alhaji bai ƙara tayar da zancen ba.

Haka ya ci gaba, yana zana Gulbin Rima da hannu a iska, ɗalibai na bin hannun da ido. Da muka je gaisuwa a Ƙofar Taramniya, maiɗakinsa ta ce har ranar Litinin ya je aiki, ya dawo yana faɗan an sa wani rubutu rawaya a shafin ba a tambaye shi ba. Ya rasu yana malami, yadda ya so.

Allah ya jiƙan Malam Sidi, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba maiɗakinsa haƙurin rashi, ya raya masa 'ya'yansa, ya ba su ikon kammala karatun da ya tsaya musu a kai. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.