Burkin motar likita da na sace

Ni bakanike ne, ɗan bakanike. A Ƙofar Ruwa ta Kano na tashi, kuma tun ban iya karanta jarida ba na iya gane ciwon inji daga ƙararsa. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya yanzu, amma sauran zan faɗa duka. Har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaukar ko noti na wani ba. Wannan amanar ce ta sa wasu 'yan kasuwar kayan gyara suka tura ni birnin Guangzhou na China in riƙa duba musu kaya kafin a loda, domin da hannu kawai nake bambance orijina da jabu.

Na kama ɗaki a unguwar Xiaobei, kusa da inda muke cin tuwo ranar Juma'a. A can na saba da Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen kayan mota. Ƙanena yake kira na, kuma idan zai tafi gida ni yake bar wa makullin sitonsa.

Wata rana neman giyabos ya kai ni wani gareji a bayan kasuwar tsofaffin kayan mota. Mai garejin wani siririn tsoho ne da ba ya rabuwa da gorar shayi. Kowa Lawban yake ce masa, wato maigida. Na tambaye shi giyabos ɗin, ya ce meyo, babu. Har na juya zan fita sai na hangi wani dogon hancin mota a ƙarƙashin tamfol. Na ɗaga gefen tamfol ɗin, na tsaya ina kallo.

Tsohuwar motar Amurka ce, mai ƙofa biyu, bonet ɗinta kamar tabarmar mutum biyu. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Fentin ya koɗe, tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya. Amma da na buɗe bonet na ga silinda takwas a jere, huɗu nan huɗu can, sai na kai hannu na taɓa injin. A hoto kawai na taɓa ganin irinta. Lawban ya lura da yadda nake shafa kan injin. Da ɗan Turancinsa da ɗan Sinancina ya gaya mini shekara da shekaru tana nan, ba ta da lambar hawa titi, filin tsere kawai za a iya kai ta. Ya ce in na tashe ta, ni zan tuƙa ta.

Daga ranar, ina gama aikin 'yan kasuwa sai in shiga jirgin ƙasa in nufi garejin. Mutanen garejin ba su iya kiran sunana ba, sai suka sa mini Kano. Ni kuma na sa wa motar Tsohuwa. Na sauke injin gaba ɗaya, na wanke kowane fistin da hannuna, na sake gaskit, na warware kafireto na jera ƙananan kayansa a kan farin ƙyalle. Wata uku ina wannan aikin. Ranar da zan tashe ta, ma'aikatan garejin duk suka ajiye abincin ranarsu suka zagaye ni. Na murza makulli, ta yi tari sau biyu ta mutu. Na sake. A karo na uku ta kama, kwanon rufin garejin ya ɗauki rawa, gorar shayin Lawban ta gangaro daga kan benci. Na taka totur ina dariya hawaye na zuba. Ban taɓa jin murna irin ta wannan rana ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na manta daɗinta ba.

A ranar ma na riga na yi satata ta farko. Fulogi takwas ɗin da suka tashe ta daga katan ɗin Alhaji Mamman na zare su. Na ce wa kaina katan cike yake, wa zai lura, kuma zan mayar. Ban mayar ba. Da ya dawo ya ce mini yaransa na Maraɗi sun ce kaya ba su cika ba, sai na ce halin masu loda kaya ne. Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye su. Na ce amin.

An ɗora Tsohuwa a kan babbar mota aka kai ta wani filin tsere a wajen gari. Tseren miƙe ne, mita ɗari huɗu, mota biyu gefe da gefe, fitila ta ba da kore ku tashi. A gwajin farko tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, wata ƙaramar motar Japan ta bar ni a tsaye. Amma da Tsohuwa ta sami ƙasa, sai ta manna ni da kujera har numfashina ya ɗauke. Na sauko na riga na san abin da take buƙata: faffaɗan tayoyi, sabon kuloci, salansa mai faɗin baki, da shokozoba masu ƙarfi da za su hana bayanta tsalle.

Lawban ya ce man-man lai, wato a bi a hankali. Ya ce duk abin da ya faɗo daga motocin da ake yankawa zai ajiye mini, in ba bana ba, baɗi. Ni kuwa baɗi ta yi mini nisa. A lokacin ya riga ya saki jiki da ni har ina taya su gyaran motocin mutane. Sai na fara musanye. Mota ta zo da famfon mai mai kyau, in cire in sa mata na kasuwa. Wata ta zo da wayoyin fulogi na tsere, in yi mata haka. Idan Lawban ya tambayi inda na samo, sai in ce wani abokina ne a Xiaobei. Gwanintar da aka turo ni China dominta, ita na juya: na san jabun da ido ba ya kamawa.

Kuma motar tana ta ƙara gudu. Duk zuwanmu fili sai na rage wani abu daga lokacina. Mutane suka fara taruwa idan an sauke ta, suna ɗaukar hoto, suna kiran Kano, Kano. Ina tafe a titin Guangyuan Xilu cikin masu jan buhunan tufafi, amma kaina yana kan fitilar nan mai kore. Ko a sahun salla lissafin giyar mota nake yi.

Matsala ɗaya ta rage. Tsohuwa ta iya gudu, ba ta iya tsayawa ba. Burkinta na zamanin da ne, kuma a kwana lilo take yi kamar kwale-kwale. Na rage mata tsawo, na ɗaure ƙasanta da ƙarfe mai kauri, ta daina lilon. Amma ba burki. Ga shi an sa ranar wata babbar gasa, da safe tseren miƙe, da yamma zagayen fili mai kwana-kwana, kuma ba a barin mota ta shiga sai an duba burkinta.

A makon ne Madam Lin ta kawo motarta. Likitar haƙori ce, mace mai fara'a, tseren mota ne abin shaƙatawarta a ƙarshen mako. Duk zuwanta sai ta kawo mana 'ya'yan itace, kuma ta taɓa duba mini wani haƙori da ya dame ni. Ta yi odar cikakken burkin tsere daga waje, faya-fayan da jajayen ƙarafan da ke matse su. Ta ce Kano take so ya ɗaura mata, don ta ga aikina a kan Tsohuwa.

Na buɗe kwalin na ɗauki ɗaya, nauyinsa kawai ya gaya mini ko mene ne. Kwana biyu ina kai-kawo da zuciyata. A rana ta uku na shiga kasuwa na samo jabunsa, ja iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na ce wa kaina motarta ƙarama ce, ba ta da nauyi, wannan ma zai riƙe ta, kuma bayan gasa zan mayar mata da nata. Na ɗaura mata jabun. Nata kuma na yanka ƙarfe na yi masa mazauni a gaban Tsohuwa, na fesa masa baƙin fenti. Da ta zo ɗaukar motar na miƙa mata makulli na ce ta sauka lafiya. Ta ce shiye-shiye, ta gode.

Ranar gasa gari ya yi garau. Na ƙona tayoyin baya har hayaƙi ya rufe 'yan kallo, na matsa kan layi. A gefena wata sabuwar motar Jamus ce mai sheƙi. Fitila ta sauko, rawaya, rawaya, kore. Na saki kuloci. Hancin Tsohuwa ya ɗaga sama, ƙarar ta cika mini ƙirji, na sa giya ta biyu, ta uku, ban ga kowa a gefena ba. Na tsallake layi ni kaɗai, na taɓa burki, ta tsaya cak kamar an riƙe ta da hannu. Sau uku na shiga, sau uku na ci. Ma'aikatan garejin suka ɗaga ni sama. Lawban, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya yi dariya ya ba ni shayi a murfin gorarsa. Madam Lin ma ta zo ta tafa mini.

Da yamma rukunin su Madam Lin aka fara saki. Ina tsaye a bakin shinge ina jiran namu. A zagaye na biyar, a ƙarshen doguwar miƙa inda kowa ke taka burki da ƙarfi, na ga fitilun bayanta sun kama amma motar ba ta rage gudu ba. Ta wuce kwanar kai tsaye ta daki bango.

An fito da ita da rai. Ƙafarta ta karye, hannunta na dama kuma ya murƙushe tsakanin sitiyari da ƙofa.

Da aka jawo motar, Lawban ya tsuguna ya leƙa bayan tayar gaba. Jan ƙarfen ya tsage gida biyu, cikinsa duk ramuka kamar burodi. Sannan ya miƙe ya taka zuwa wurin Tsohuwa, ya tsuguna, ya sa farce ya kankare baƙin fentin. Ja ya fito. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Kano, na ce maka zan samo maka." Ban gudu ba. A nan 'yan sanda suka same ni.

Bincike ya tono sauran motocin da na yi wa musanye, ɗaya bayan ɗaya. A kotu Madam Lin ta zo a keken marasa lafiya, hannunta a naɗe. Ta roƙi a bar ta ta yi mini tambaya ɗaya, mai fassara ya juya mini. Ta ce, "Lokacin da ka ba ni makulli ka ce in sauka lafiya, ka san abin da ke cikin tayar?" Na ce, "Na sani."

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Ba mai jin Hausa a ɗakinmu. Ina zaune a kan keken ɗinki daga safe zuwa yamma, kuma a can ne na koma yin salla da hankalina a jikina. Mahaifina ya rasu ina ciki. An ce da labarin kama ni ya iso Ƙofar Ruwa, sati biyu bai buɗe garejinsa ba don kunya.

Ranar da aka sake ni, daga ƙofar gidan yari aka wuce da ni filin jirgi. Ban sake ganin Lawban ba, ban san abin da ya sami Tsohuwa ba. Bayan na huta na je har Maraɗi na sami Alhaji Mamman na gaya masa maganar fulogi. Ya ce, "Ƙanena, ni na yafe. Amma masu lodin da ka sa na zarga fa, ina za ka same su?" Na rubuta wa Madam Lin takarda sau biyu ta hannun wani ɗan kasuwa. Shi ne ya gaya mini ta rufe asibitinta, don yatsun ba sa iya riƙe kayan aiki. Ba ta ba ni amsa ba, kuma ba ta da laifi.

Yanzu ina garejin mahaifina. Duk motar da na gyara sai na kira mai ita ya ga abin da zan sa, in kuma damƙa masa tsohon a hannunsa. Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum.

Ku matasa masu son mota, ba zan ce ku daina so ba, don ni ma har gobe idan na ji inji mai silinda takwas sai na ɗaga kai. Ku gina motarku, ku sa ta gudu, ku yi tsere a inda aka tanada. Amma idan kayan da kuke so bai zo ba, ku jira shi. Ranar da kuka ji zuciyarku ta ce ɗauki, ai za ka mayar, ku ajiye sifana ku fita daga wurin. Ni haka tawa ta ce mini tun daga fulogi har zuwa burki, kuma ban taɓa mayar da ko ɗaya ba. Na gama zaman da aka yanka mini na fito da hannuwana biyu lafiya lau, ina cin abinci da su. Matar da ta amince da ni ta ba ni makullinta, nata hukuncin ba shi da ranar fita.