Zanen Yatsu a Bangon Kufai

Isiyaku Shehu yana da shekara hamsin da uku, kuma shi ne magini mafi tsufa a cikin ma'aikata goma sha huɗu da ke kula da wani kufan ƙauyen masunta a arewacin Qatar. Shekararsa tara a ƙasar. Yana zaune shi kaɗai a ɗaki guda a unguwar Al Asmakh da ke Doha, a saman wani shagon ɗinki. Matarsa Zuleiha da 'ya'yansu huɗu suna Zariya.

Gini gado ne a gidansu. Mahaifinsa da kakansa duk maginan ƙasa ne, shi ma da miƙa tubali ya fara. Ya yi karatun gini daga baya, ya daɗe yana gyaran tsofaffin soraye a gida, har wani kamfani ya ɗauko shi zuwa Doha saboda ya san halin ƙasa da ruwa.

A kufai ba a gina sabon abu. Aikinsu shi ne su hana abin da ya rage ƙarasa zubewa. Bangayen na dutsen bakin teku ne da laka, gishiri na cin su ta ƙasa, iska na cin su ta sama, masu yawon buɗe ido kuma na hawa kansu don ɗaukar hoto. Duk lokacin sanyi ana shafa siririn yaɓe a inda ya zaizaye, domin iska ta cinye shi ta bar na asali. Ƙa'idar ita ce yaɓen ya zama sumul, ba ado, kuma a rubuta duk inda aka taɓa.

Shekara biyu da suka wuce, a watan Janairu, yana cikin motar aiki aka kira shi aka ce mahaifinsa ya rasu. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Isiyaku bai sauka daga motar ba, don babu inda zai je. Ran nan an ba shi wani gajeren bango a bayan wani gida, mai fuskantar teku. Ya shafa yaɓe, sai hannunsa ya ci gaba. Ya ja yatsu uku a ɗanyen yaɓen, baka-baka, wani na hawa kan wani, har tsawon kamu biyu. Haka ake rufe yaɓe a gidansu. A unguwarsu ana ganin zanen an san hannun wa ya yi aikin, kuma mahaifinsa ba ya kiran bango gamamme in babu shi.

Bai gaya wa kowa ba, bai kuma rubuta ba. Bangon ba ya kan hanyar baƙi. Can yake kai abincin ranarsa ya ci, sauran ma'aikata kuwa suna inuwar rumfa suna hira da harsunan da ba ya ji.

Rana da gishiri suka tsufar da zanen har ya saje da sauran ginin. Bara aka karkatar da hanyar baƙi ta bi ta bayan gidan. Masu yi wa baƙi jagora suka fara tsayawa a wurin. Ɗayansu ya riƙa cewa igiyar ruwa ce matar wani mai nutson lu'ulu'u ta zana tana jiran mijinta. Isiyaku ya ji da kunnensa fiye da sau goma, bai taɓa gyara masa ba.

Watan jiya aka turo Dakta Haulat, 'yar Kaduna mai bincike a wata jami'a a Doha, ta auna ɓarnar da baƙi ke yi wa kufan. Ta kwatanta bangayen da hotunan shekara biyar baya, ta ga babu zanen a ciki. Ta same shi yana cin abinci a gindin bangon.

"Baba Isiyaku, ashe masu nutson lu'ulu'un nan Zazzagawa ne?"

"Haba Dakta, ai mutanen da sun yi yawo."

"Har suka je zauren kakata a Tudun Wada suka kwafo? Baba, hannun wa ne wannan?"

Ya yi dariya, sannan ya ajiye cokali. "Na mahaifina ne. Ni na ja, amma nasa ne." Ya ba ta labarin ranar.

Ta yi masa ta'aziyya, ta zauna a kan yashi. Ta ce ta yi aiki sau biyu a Svalbard, tsibiran ƙanƙara da ke can ƙurewar arewacin duniya, inda akwai kaburburan mafarautan teku na shekaru ɗari huɗu, an rufe su da tarin duwatsu. Baƙi kan sauko daga jiragen ruwa, wasu su tara nasu duwatsun don tunawa da zuwansu. In aka bari, sai a wayi gari ba a san wanne ne kabari, wanne ne na baƙo ba. Shi ya sa dokar can ta hana ɗaga ko tsohuwar ƙusa.

"Ba mai yi da mugunta, Baba. Kowa so yake ya bar alama. Amma mutanen ƙauyen nan ba su da bakin da za su ce ba su suka yi ba."

"To a sa allo mana, a rubuta cewa sabo ne."

"Wa ka taɓa gani yana karanta allo? Ni dai ban taɓa gani ba. Hoto suke ɗauka su wuce."

Ta ce dole zanen ya shiga rahotonta a ƙarshen wata. Ta bar masa sauran.

Kwana shida ya yi yana juya maganar. Yana ta tuna cewa bai ga gawar mahaifinsa ba, bai yi masa salla ba, kuma da ya je gida hutu ya tarar ƙannensa sun shafe gidan da siminti. Iyakar saninsa, kamu biyun nan ne kaɗai wurin da hannun gidansu ya rage.

A rana ta bakwai ya je wurin shugaban aikin da kansa, ya faɗi abin da ya yi. An ba shi takardar gargaɗi, aka yanke cewa a ɗauki hoton zanen a ajiye a fayil, sannan a kankare shi. Wani abokin aikinsa ɗan Sudan ya ce zai yi masa. Isiyaku ya gode, ya ce a'a.

Ranar Alhamis da ta wuce ya jiƙa bangon, ya fara kankarewa daga hagu, a hankali, don kada ya taɓa dutsen asali. Ya ɗauke shi awa biyu. Ya shafa sabon yaɓe sumul. Yana wanke kayan aiki sai ga mai jagorar nan da baƙi takwas a bayansa, ya tsaya yana dube-dube, ya tambaya ina igiyar ruwan take.

"Khalas," in ji Isiyaku da Larabci, wato ta ƙare, ya ci gaba da wanke cokalin gininsa.