Maneji da Ƙafar Baba Lasisi

Baba Lasisi mai faci Bayarabe ne, ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Rumfarsa tana bakin tashar da muke lodin Katagum. Ni Gidaɗo direban akori-kura ne a lokacin, kuma ban san yawan tayoyin da ya ceta mini ba.

Turancinsa kalma ɗaya ne: maneji. A shekarun tsuke bakin aljihun nan na tamanin da wani abu, sabuwar taya sai dai kallo. Ka kai masa tif mai faci a kan faci, ya juya shi ya ce, "Zai yi maneji zuwa Katagum." Ka tambaye shi iyali, ana maneji. Miya ta yi ruwa, a yi maneji. Benci ya cika, matsa a yi maneji. Har mu da ba mu shiga aji ba muka ɗauka.

Wata damina wayar tsohuwar taya ta soke shi a tafin ƙafar dama, wadda yake taka famfon iska da ita. Ya yi abin da duk ɗan gareji yake yi: ya tsiyaya man birki a ciwon, ya ɗaure da robar tif. Ƙafa ta kumbura, ta soma wari. Na yi masa maganar asibiti, ya ce, "Malam Gidaɗo, ƙafa tana maneji." Ranar raina ya ɓaci, na ji na tsani kalmar.

Matarsa Modupe ta tare ni a bayan tasha. "Don Allah, Malam, maigida ba ya barci. Ni ba ya jin tawa."

Sai na yi masa ƙarya. Na ce motar wani ta yi faci a hanyar Gololo, ya zo mu je. Ya ɗauki kayan aikinsa, ya ɗingisa ya shiga gaba. Ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti. Ya dube ni, ya sauko ya ɗingisa ya shiga.

Likita ya ce dafi ya hau, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba, ransa ne zai tafi. Aka yanke.

Ya warke, ya koma rumfa da sanduna biyu. Yana zaune yana faci, Modupe tana taka masa famfo. Ya rayu ya aurar da 'ya'yansa, kuma ban taɓa nadamar ƙaryar nan ba. Amma abin ya yi mini ciwo, don a ganinsa da ƙafa biyu ya shiga motata, ni na sa ya rasa ɗaya. Har ya koma garinsu, in na kai taya Modupe ce take karɓa, shi kuma ya sunkuyar da kai har in tafi.