Kwanon da Ya Zo ta Katanga

Ni 'yar manoma ce daga Kwandiko, ta ƙasar Gwaram. Aure ne ya kawo ni Birnin Kudu a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, maigidana yana masinja a ofishin hukuma. A garinmu an ɗauka na haye. Duk wanda ya koma gida daga kasuwa sai ya ce ya gan ni ina cin shinkafa, ko da kuwa bai gan ni ba.

Unguwar da muka zauna ba abin nunawa ba ce. Jikin katangarmu akwai wani kango da masu shi suka tashi tun kafin na zo. Ginin ya zube, wurin ya zama juji. Guntun tuwo, ɓawon rogo, toka, har mushen kaza, duk nan ake watsawa. Da damina ba ma cin abinci a tsakar gida sai da mafici a hannu. Duba-gari ya zo ya yi faɗa ya tafi, aka ci gaba da zubawa.

Warin bai dame ni kamar asarar ba. A gidan ubana ba a zubar da komai. Ƙanzo a shanya shi, dusa ta akuya ce, toka ta gona. Wata rana na leƙa na ga kabewa ta fito da kanta a kan jujin, ganyenta kamar faifai, sai na matsa wa maigida ya roƙo mini mai unguwa. Aka ba ni. Na sa aka fasa mini ƙaramar ƙofa ta katangarmu, na tsince gwangwanaye da fasassun kwalabe, na yi shingen kara, na haƙa rami a kusurwa. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'ya, ban san me littafi ke kiran wannan aiki ba. Taki dai na sani.

Sai na bi matan unguwa na ce duk abin da za su zubar su miƙo mini. Suka yi ta dariya. Maƙwabciyata matar tela ce ta raɗa mini suna.

"Amaryar juji! Ke birni aka kawo ki, ko ƙauyen kika kawo mana?"

Na ce, "Miƙo kwanon, ki riƙe bakinki."

Haka aka saba. A tara a tsohon kwano, a rufe da faifai saboda ƙuda, a ɗora mini a kan katanga. In juye a rami, in rufe da toka da ƙasa. Kafin damina ta zagayo kango ya cika da kuɓewa da yakuwa da rama da alayyaho. Wari ya tafi. Masu dariyar nan su ne masu aikowa a tsinko musu ganyen miya, har wasu suka nemi in yanka musu gefe su ma su shuka. A unguwa ba wadda nake jin kunyarta. Wadda ta faɗa mini ɗaya in faɗa mata uku.

Mutanen gida ne nake jin kunyarsu. Sai aka aiko cewa Inna, mahaifiyata, tana tafe. A shekarar ruwa ya yi gardama a Kwandiko, abin da ya rage mata na taƙama shi ne 'yarta tana birni a hutu. Na bi gida-gida na ce kada wadda ta miƙo mini kwanon shara sai baƙuwata ta tafi. Ƙofar kangon kuma na jingina mata zana. Matar tela ta tafi biki Yalwan Damai, ba ta ji ba, ni kuma na manta da ita.

Ran da Inna ta iso na shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Kamar yadda aka saba in an yi baƙo, maƙwabta suka fara aiko da abinci, wani ta ƙofa, wani ta katanga. Ni kuwa ina ta saukewa ina jerawa a gabanta, ban buɗe ko ɗaya ba, tunda baƙo ne ke buɗe abinsa. Ta buɗe na farko, shinkafa da wake. Na biyu, dambu. Tana ta sa albarka, tana cewa lallai na yi dacen mutane.

Ta ɗaga faifan na uku.

Daga inda nake tsaye na ji tsamin. Tuwon da ya kwana ya yi yauƙi, ɓawon albasa, ƙasusuwan da aka tsotse, an barbaɗe da toka. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da faifan a hankali.

"Ke. Tun yaushe?"

"Inna, ba na ci ba ne."

"Na ce tun yaushe?"

Kafin in haɗa magana sai ga muryar matar tela ta katanga, da ƙarfinta.

"Amaryar juji! Juye ki ba ni kwanona. Yau kin ci sa'a, har da suɗin biki na haɗo miki!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na janye zanar, na kama hannun Inna na kai ta kangon. Na nuna mata ramin, na nuna mata shukar. Ta zagaya, ta taɓa kuɓewa, ta murza ƙasar a hannu ta sansana. Na san ta ga aiki mai kyau, don ita ta koya mini. Amma sai ta juyo ta ce:

"Matar mai albashi ba ta noman kango. In ba yunwa ba, me ya sa kika rufe ƙofar?"

Na kai ta ɗaki na buɗe mata buhun shinkafa. Ta ce ita ma ta san yadda ake aron kaya in baƙo zai zo. Na kira matar tela, ta shigo tana rantse-rantse tana ba da haƙuri, Inna ta ce Allah ya saka mata da ta rufa wa 'yarta asiri tun ba yau ba. Na roƙi maigida ya yi mata bayani. Ya ce, "Haba! Mu da ko ido ba ma haɗawa, in tsuguna gaban surukata in ce mata ina ciyar da 'yarki?" Ya sayo mata atamfa. Ta karɓa, ta ce mini shi ma yana ƙoƙari, kada in tona shi.

Ba ta daɗe ba ta koma. Bayan kaka sai ga yayana da buhun gero da bai cika ba, ya sauke a zaure. Wuyansa ya yi tsawo, rigarsa tana yawo a jikinsa.

"Inna ta ce kada maigidanki ya sani. Kada kuma Baba ya ji."

"Yaya, ka mayar. Wallahi mun fi ku abinci."

"Ta ce in buhun ya dawo, ba ta ƙara taka gidanki."

Na cika masa jaka da busasshiyar kuɓewa, na ɗora masa kabewa. Ya kalli kayan ya ce zai gaya mata an ba ni ne a maƙwabta, don ta fi yarda da hakan.

Na surfa geron nan na yi tuwo. Maigida ya ci ya yaba. Ni kuwa na ture kwanon gefe, don na san rumbun da aka kankaro shi. Unguwa ta yi kore, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallon kangon. Buhun Inna kuwa bai fasa zuwa ba duk kaka, shekarar samu da shekarar rashi, har ta rasu.