Injin da Ya Tsaya Tunani

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da kawuna ya zo daga Gangara da dosiyensa, wato takardunsa na tsayawa takara, a hammata ba. Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, kowane ƙauye ya tsayar da ɗan takarar kansila, mu masu buga takardu a Agiye kuma sai aiki ya yi mana yawa.

Mu biyu ne a garin, ni da abokina tun muna 'yan makaranta a lakol, shagonsa na kallon nawa. Injina na buga takardu na sayo shi ne yadda ake sayen rago. Na ɗaga na ji nauyi, na ce wannan zai yi ƙarko. Shi kuwa ya kawo wani ɗan mitsitsi, har na yi masa dariya. Ya gaya mini cewa kowane inji na da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki wadda ke zana shafin tukuna kafin ta sake shi, kuma tawa tsohuwa ce. Na ɗauka baƙin ciki yake yi mini.

Rubutu zalla, injina ba ya gardama. Amma da aka fara kawo takardu masu hoto da tambarin jam'iyya, sai ya riƙa tsayawa yana ƙyafta fitila kamar tsoho mai neman sunan jikansa. Can ƙetaren hanya kuwa takardu na zubowa, layi har bakin titi. Wallahi ko sallamarsa na daina amsawa da kyau. Kishi ne tsagwaronsa, yau zan iya faɗa.

Ranar ita ce ta ƙarshe ta ajiye dosiye, ƙarfe huɗu za a rufe buron hukumar zaɓe. Kawu ya zauna kan benci bayan azahar. Shafi shida kawai yake so, kowane da hoto. Na farko ya cinye kusan rabin awa.

"Ɗana, mi ya riƙe shi?" in ji shi. "Ko mu ƙetara wajen abokinka?"

Na ce ya kwantar da hankalinsa, yanzun nan za su fito. Na kashe injin na kunna, aiki ya koma farko. Ina hango abokina a bakin ƙofarsa yana kallonmu, na juya masa baya.

Da shafi na shida ya fito, muka ruga, muka tarar buro a kulle. Kawu bai zage ni ba. Ya naɗe takardun ya sa aljihu, ya ce mutanen ƙauye na jiransa da labari, ya tafi tasha.

Da la'asar abokina ya ƙetaro. "Tun ƙarfe ukku na sallami layina," in ji shi. "Ina jira ka aiko shi."

Shekaru sun wuce, kawu bai sake tsayawa takara ba har ya rasu. Abin da na koya shi ne, in kishi ya hana ka ƙetara hanya, sau da yawa wanda ya amince da kai ne zai kwana a ciki.