Bajamushiyar Inna

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, idan aka yi haihuwa ba wuƙa ake sa wa jariri a ƙarƙashin katifa ba kamar yadda wasu gidaje ke yi don tsari. Bindiga ake sa masa. Ni ma a kanta na yi makona na farko a duniya, haka babana, haka duk wanda ya fito daga tsatson kakata, wadda muke kira Inna.

Ƙaramar bindiga ce ta hannu, baƙa, mai siririn baki, mariƙinta a karkace. Inna gadonta ta yi daga mahaifinta, wanda ya yi soja lokacin da Turawan Ingila suka kwashi Hausawa zuwa Kamaru yaƙi da Jamus. Yadda ya same ta kuwa ya danganta da ranar da ka tambaya. Wata rana hafsan Jamus ne ya miƙa masa ita da hannu biyu bayan an ci su da yaƙi. Wata rana a bakin rafi ya tsince ta. Idan ka kuskura ka ce labarin ya canza, Inna ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Kana wurin ne?"

Tsofaffin unguwa kowace ƙaramar bindiga libarba suke ce mata, samari kuma su ce ƙarfe. A gidanmu sunanta Bajamushiya. Sai da na girma na karanta cewa sunanta na yanka Luga, an ƙera ta tun kafin yaƙin duniya na farko, kuma sojojin da suka yaƙi Jamus sun yi ta rububinta don su koma gida da ita. Na karanta cewa tana da wuyar ƙira, ba ta son yashi ko datti, shi ya sa daga baya Jamusawan da kansu suka koma wa wata mai sauƙi. Da na faɗa wa Inna haka sai ta ce ita ma ba ta son datti, kuma ba a canza ta ba.

Akwai wani ƙarfe a bayanta da idan ka ja yake lanƙwasowa sama kamar gwiwar mutum. Idan harsashi ya ƙare, haka yake tsayawa a ɗage. Tamu kuwa ba ta taɓa ganin harsashi ba tun da ta shigo Kano, don haka kullum aka ja ta sai ta tsaya. Daga nan muka samu maganarmu ta gida. Idan tuwo ya ƙare a tukunya, sai a ce tukunya ta ɗaga gwiwa. Idan kawuna mai gardama ya rasa abin cewa, ya ɗaga gwiwa. Maganar ta fita har layinmu, na taɓa jin mai shayi yana faɗa wa wani cewa madara ta ɗaga gwiwa, alhali bai san daga ina kalmar ta fito ba.

Kowace Juma'a da hantsi Inna kan fito da ita daga kubenta na fata, ta shimfiɗa tsumma a cinya, ta goge ta da man keken ɗinki. Ba ta taɓa nuna wani da ita ba, ko da wasa. Mu jikoki mu kewaye ta, a bar mu mu taɓa mariƙin da yatsa ɗaya. Ina son waɗannan safiyoyin ƙwarai. Har yau idan na shiga shagon tela na ji warin man nan, Inna nake tunawa.

Na yi aure na kama haya a Tarauni, bayan kasuwa. Matata ta haifi 'yarmu ta fari a shekarun da gari ya rikice, aka kafa shingen jami'an tsaro a kusan kowace mahaɗa. A lokacin, mutum ya fito da almakashi a aljihu ma sai ya yi bayani, balle bindiga. Tun cikin yana wata tara na je na sami Inna.

"Inna, wannan karon a bar Bajamushiya ta huta. Idan aka kama ki da ita a hanya, ba wanda zai saurari labarin Kamaru."

"To, mijina," ta ce, don haka take kirana tun ina yaro. "Na ji."

Da na san ta sosai kamar yadda nake taƙama, da na gane wannan "na ji" ta zo da sauri.

Washegarin haihuwa da rana tsaka ina tsakar gida, sai ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofa. Inna ta sauko da babban kwanon sha a hannu, an ɗaure shi da ɗankwali. Ta gaisa da mata, ta ɗauki jaririya ta yi mata addu'a, sannan ta kwance kwanon. Fura ce a sama, curi-curi. Ta kwashe furar, ta zaro wani abu naɗe cikin leda da zani. Tun kafin ta warware na gane.

Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya sani. Ranar na hau har ƙarshe.

"Inna! Ta shingen titin Zariya kika biyo da wannan?"

"Ta nan hanya take."

"Ba su duba ba?"

"Sun duba. Wani yaro ya buɗe, na ba shi curi ɗaya, ya ce Allah ya raya."

Na ce da hannunsa ya ƙara nitsewa kaɗan fa? Na ce da ita da mai adaidaitar da bai san komai ba da yanzu suna ina? Na ce ƙarfe ba ya tsare kowa, Allah ne mai tsarewa, malamai sun sha faɗa. Na yi ta zuba, matata tana yi mini alama da ido in sassauta.

Inna ta ɗaga gefen katifar ta tura bindigar, ta gyara shimfiɗa. Sannan ta zauna a bakin gado ta ce, "Ka gama?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Na san Allah ne mai tsarewa, ba kai za ka koya mini ba. Amma babanka ba shi ne ɗana na fari ba. Akwai yayarsa. A ƙauyen kakanka na haife ta, Bajamushiya tana nan birni wajen mahaifina, aka ce hanya ta yi nisa, a bari. Ba ta kai ranar suna ba." Ta kalli jaririyar. "Na san kwananta ne ya ƙare. Amma tun daga ranar ban sake bari ba, kuma ba zan fara a kan wannan ba."

Ban taɓa jin labarin yarinyar nan ba. Babana ma, da na tambaye shi daga baya, ya ce sau ɗaya ya taɓa jin an ambace ta. Tausayin Inna ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Matata ce ta karya shirun, ta ce a hankali, "Inna, mijinki ya ɗaga gwiwa." Inna ta yi dariya har da share ido.

Bindigar ta zauna har aka yi suna. Ni kuwa duk motar da ta tsaya a layin sai na leƙa waje.

Saura mayar da ita, kuma na rantse ba za ta sake bin shinge a cikin fura ba. Maƙwabcina tsohon ɗan sanda ne, Kirista daga kudu, ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Sajan muke ce masa. Na shigo da shi ya gani. Ya juya ta a hannu yana girgiza kai, ya ce shi a hoto kawai ya taɓa ganin irinta. Sannan ya durƙusa gaban Inna.

"Mama, wannan idan ta zauna, wata rana za ta ja wa yaran nan abin da ba za ki so ba. Ki bari in sanar, in raka ki, ki miƙa ta da hannunki."

Na zaci za ta kore shi. Sai ta daɗe tana kallon 'yar jaririyar, wadda aka yi wa aski ranar, ta ce, "Don a tsare su na riƙe ta. In ita za ta cuce su, ku kai ni."

Da safe ta goge ta da mai, duk da ba Juma'a ba ce. Sajan ya ba ni labarin cewa a ofishin ta tsaya ta yi wa jami'in da ya karɓa bayani: ba ta son datti, man keke ake sa mata, kada a nuna kowa da ita. Kuben fatar kuwa ta ce ba ya cikin lissafi, ta soke shi a zaninta ta fito.

Lokacin da matata ta haifi na biyu, ƙafa ta riga ta kwantar da Inna, ba ta fita. Na je Gyaɗi-Gyaɗi in yi mata albishir. Tun kafin in zauna ta laluba ƙarƙashin matashinta ta miƙo mini kuben. Na ji shi da nauyi. Na buɗe, sai ga tsohon almakashinta na ɗinki a ciki, ya sha mai yana ƙyalli.

"Fata kaɗai ba ƙarfe ba ce," ta ce. "Maza ka kai, ka dawo mu gaisa daga baya."

Ban zauna ba. Na sa shi a aljihu na fita na tari adaidaita, ina ce wa direban ya yi sauri.